Me Ya Sa Birane Suka Makara a Tarihin Ɗan Adam?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, an ce ɗan Adam ya haura shekara 200,000 a doron ƙasa, amma birni da rubutu da sarauta ba su wuce shekara 5,000 ko 6,000 ba. To duk wannan tsawon zamani me mutane suke yi? Basirarsu ce ba ta kai ba sai daga baya? Kuma me ya sa abin ya fara a Iraki da Masar, bai fara a nan wajenmu ba?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, ka taɓo inda ya kamata. Zan amsa maka da abin da ƙasa ta ajiye mana, wato ƙashi da dutse da gawayi da kasko da ƙwayar hatsin da ta ƙone, domin nan ne fagena.

Batun basira dai mu fara sauke shi. Ƙasusuwa mafi daɗewa na mutane masu kama da mu an tono su a Jebel Irhud ta Maroko, shekarunsu kimanin 300,000, sai na Omo Kibish ta Habasha masu aƙalla shekara 230,000. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an sami ƙananan katantanwar teku da aka huhhuda aka zura a zare don ado, shekara 75,000 da suka wuce. Mutane sun ƙetara teku sun isa Ostareliya aƙalla shekara 50,000 baya, kuma wannan tafiya ba ta yiwuwa da iyo, sai da abin hawa a kan ruwa da shirin tafiya. A kudancin Jamus akwai sarewa da aka fafe daga ƙashin fiffiken ungulu, mai shekara wajen 40,000. A kogon Shobe na Faransa kuwa akwai zakuna da karkanda da aka zana da gawayi fiye da shekara 30,000, kuma ni duk lokacin da na dubi hotonsu sai na ji hannun gwani ne wanda ya daɗe yana kallon zaki a dawa. Mai wannan hannu kansa cike yake. Abin da ya hana shi gina birni yana cikin duniyar da ya tarar.

Duniyar tasa mai sanyi ce, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka, ta riƙe ruwa mai yawa har teku ya yi ƙasa da inda yake yau da wajen mita 120. Inda tekun Fasha yake yanzu ƙasa ce busasshiya da ake takawa. Sahara ta fi ta yau faɗi, rairayinta ya gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Iskar kabon da tsirrai ke sha ba ta wuce kashi biyu cikin uku na yadda ta zama daga baya ba, saboda haka ciyawa ba ta ba da ƙwaya sosai. Abin da ya fi muni shi ne sauyi. Ƙanƙarar da aka haƙo daga Girinlan ta nuna yanayi kan juye daga sanyi zuwa ɗumi cikin 'yan shekaru goma-goma, ya sake komawa. Noma kuwa yana bukatar bana ta yi kama da bara. Idan ba ka da tabbacin haka, hikima ita ce ka bi namun daji da 'ya'yan itatuwa duk inda suka nufa, kada ka tara abin da ya fi ƙarfin kafaɗarka.

Kada ka ɗauka ba su san hatsi ba. A 1989 ruwan tafkin Tabariyya da ke kwarin kogin Jodan ya ja baya saboda fari, sai ga kufan wani zango da ake kira Ohalo, mai shekara 23,000. Bukkokin ciyawa ne, a ciki akwai dubban ƙwayoyin sha'ir da alkama na daji, ga dutsen niƙa da burbushin garin sha'ir maƙale a jikinsa. A Shubaika ta arewa maso gabashin Jodan an sami ɓarɓashin gurasa da ta ƙone a murhu, mai shekara 14,400. Sanin yana nan tun tuni, yanayi ne bai ba da hali a dogara da shi ba.

Shekara 11,700 da suka wuce sanyin ya sake duniya, ɗumi ya zauna da gindinsa, kuma a cikinsa muke har yau. Daga nan ne labarin ya fara gudu, kuma inda nake son ka tsaya ka duba da kyau wani ƙaramin wuri ne a gefen Tekun Gishiri a Jodan, sunansa Dhra. A can masu tono suka tarar da wasu gine-gine zagayayyu na laka da dutse, faɗinsu kamar mita 3, masu shekara 11,300. A cikin kowanne an kakkafa duwatsu a tsaye, an yi wa kawunansu gurbi, an ɗora itatuwa a kai, sannan aka shimfiɗa daɓe a sama, yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙasa, danshi da ɓera su rasa hanya. Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Hausa, da ya ga zanen ginin nan zai ce maka rumbu ne, kuma bai yi kuskure ba. Abin lura shi ne hatsin da aka zuba a ciki sha'ir ne na daji. An gina ma'ajiyar abinci wajen shekara 1,000 kafin a sami hatsin gida. Kuma rumbunan Dhra a fili suke tsakanin gidaje, alamar na jama'a ne. Bayan wasu ɗaruruwan shekaru sai ma'ajiya ta koma cikin ɗaka, kowane gida da tasa. A ganina wannan ƙaura daga fili zuwa ɗaka tana cikin manyan abubuwan da suka taɓa faruwa ga ɗan Adam, domin daga ranar ne "namu" ya fara rabuwa zuwa nawa da naka, gado ya sami abin da za a gada, wani gida ya fara fin wani.

Yadda hatsin daji ya zama na gida ma babu wanda ya zauna ya tsara shi. Zangarniyar alkamar daji da ta nuna sai ta farfashe, ƙwaya ta zube ƙasa, haka take shuka kanta. Amma jefi-jefi akan sami wadda ƙwayarta ke manne ba ta zuba. A dawa wannan naƙasa ce. A hannun mai lauje kuwa ita ce ke isa gida, ita ake sussukawa, daga cikinta ake ware irin baɗi. Shekara bayan shekara mai mannewa tana ƙaruwa a gona, har aka wayi gari alkama ba ta iya yaɗuwa sai da mutum. Ragowar zangarniyoyin da aka tono a Siriya da Turkiyya sun nuna abin ya ci shekara 2,000 zuwa 3,000 kafin ya kammala. Babu wani mutum ɗaya da ya ga farkonsa da ƙarshensa. A cikin wannan tsakani ne, wajen shekara 10,500 zuwa 10,000 baya, aka shigo da awaki da tumaki da shanu cikin garke a kudu maso gabashin Turkiyya da duwatsun Zagros na Iran.

Za ka ji ana yawan ambaton Gobekli Tefe kusa da Shanliurfa a Turkiyya, inda Klaus Schmidt ya fara tono a 1995. Ginshiƙan dutse ne, wasu sun kai mita 5 da rabi, an sassaƙa musu macizai da kunamu da ungulaye da gadu, tun wajen shekara 9500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Waɗanda suka gina su ba su da hatsin gida tukuna. Ina jin zafin masu yaɗawa a intanet cewa wasu halittu ne daga sama suka yi aikin, domin ƙwace wa masu guminsa haƙƙinsu ne. Ma'adinin da suka yanko dutsen yana nan kusa, har da ginshiƙin da suka fara sara ba su gama ba, ga kuma duwatsun niƙa birjik da suka ciyar da ma'aikata.

Noma bai zo da hutu ba. A Abu Huraira da ke bakin kogin Furat a Siriya, wata masaniya mai suna Theya Molleson ta bincika ƙasusuwan manoman farko, ta ga wani abu yana maimaita kansa musamman a jikin mata: babban ɗan yatsan ƙafa ya lanƙwashe ya lalace, gwiwa ta yi kauri, ƙashin ƙugu ya cinye. Sawun niƙa ne. Mace ta durƙusa a gaban dutse, ta kafe yatsun ƙafa a ƙasa, ta tura da dukan jikinta ta dawo, sa'o'i a kowace rana, tun tana yarinya har ƙashinta ya ɗauki siffar aikin. Tsakuwar da ke cikin garin kuma ta cinye haƙora. A wurare da yawa manoman farko sun fi mafarautan da suka gabace su gajarta da ciwon haƙori, ga cututtukan da zama da dabbobi da cunkoso suka kawo. To me ya sa ba su koma dawa ba? Haihuwa ce. Matar da ke yawo ba ta iya goyon biyu a tafiya, sai tazara ta yi tsawo. Wadda ke zaune tana da kunun da za ta yaye yaro da wuri. Ƙauye ya cika, kuma ƙasar da ta isa ciyar da mafarauta kaɗan ba za ta ɗauki wannan taro ba sai da gona. Hanyar komawa ta toshe.

Duk da haka, tsakanin gonar farko da birnin farko akwai shekaru fiye da 4,000, kuma nan ne masu taƙaita labari ke tsallakewa. Dubi Catalhoyuk a tsakiyar Turkiyya, wadda aka zauna daga wajen 7100 kafin Miladiyya har fiye da shekara 1,000. Gidajen tubali ne manne da juna, babu lungu babu titi, ta rufin ɗaki ake shiga da tsani, matattu kuma a ƙarƙashin daɓen ɗaki ake binne su. Gari ne babba, amma an yi ta tono ba a sami fada ba, ba a sami gidan da ya yi wa saura zarra ba. Kowane gida yana noma nasa, yana ajiye nasa. Mutane sun iya zama da yawa a wuri ɗaya, na tsawon zamani, ba tare da sarki ba.

Birni irin wanda kake nufi, mai hukuma da ma'aikata da rubutu, a kudancin Iraki ya fara bayyana sosai, kuma dalilan suna cikin ƙasar kanta. Ruwan sama a can bai isa noma ba. Amma Furat yana tafe da laka, yana zubar da ita a gaɓarsa har gadonsa ya ɗara filin da ke gefe tudu, saboda haka in ka sare gaɓa ruwa da kansa zai gangara gona. Ga fadamu cike da kifi da tsuntsaye da gora, ga dabino, ga makiyayar tumaki a bayan gari. Jirgin ruwa kuma yana ɗaukar abin da jakuna da yawa ba za su ɗauka ba, don haka hatsin ƙauyuka masu nisa yana iya taruwa a wuri guda da sauƙi. Abin da ƙasar ta rasa shi ne dutse da katako da ƙarfe, dole a nemo su daga nesa, kuma fatauci mai nisa yana bukatar wanda zai tara jari ya tura ayari.

Wanda ya tara ɗin da farko gidan bauta ne. A garin Eridu na kudancin Iraki, tun wajen 5400 kafin Miladiyya, an fara da ɗan ƙaramin ɗaki na tubali, ana rushewa ana sake ginawa a kan kufansa, kowane ya fi na baya girma, har hawa 18. Gidan bautar nan shi ne babban rumbun gari: a nan ake kai rabon abin bauta daga amfanin gona, daga nan ake ciyar da masu yi masa aiki. Zuwa wajen 3100 kafin Miladiyya garin Uruk, wanda kufansa ake kira Warka a yau, ya mamaye kimanin hekta 250, da mutane wajen 40,000, kuma daga baya aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kilomita 9. Babu inda aka taɓa tara mutane haka a baya.

Taro irin wannan ya haifi matsalar da ƙauye bai sani ba. A ƙauye kowa ya san wanda ya ci bashi da wanda ya biya. A cikin mutum 40,000 yawanci baƙin juna ne, kuma ƙwaƙwalwar ma'aji ɗaya ba za ta riƙe wa ya kawo me, wa aka bai wa me ba. Da yawa daga kayan da aka tono a Uruk amsar wannan matsala ce.

Abin da ya fi yawa a kufan zamanin wani kwanon ƙasa ne mara kyan gani. Ba a kan juyi aka gina shi ba, danna laka aka yi cikin gurbi aka fitar, bakinsa a karkace, jikinsa da kaushi, girmansu kusan ɗaya. Ana samun su dubbai, an zubar da su tuli guda, da yawa ko fashewa ba su yi ba. Mafi yawan masana na ganin kwanon rabon abinci ne ga ma'aikata, wasu na cewa na gasa gurasar rabo ne. Ko wanne ne, magana ɗaya ce: akwai dubban mutane da ba daga gonarsu suke ci ba, daga hannun hukuma suke ci. A rubutun farko na Uruk ma, alamar cin abinci kan mutum ne da wannan kwano a bakinsa. Takardun ƙarnoni na baya sun ba mu awon: namiji ma'aikaci kamar lita 60 ta sha'ir a wata, mace kamar rabin haka.

Rubutun kansa daga lissafi ya fito. Da farko akwai 'yan ƙananan curin yumɓu masu siffofi daban-daban da ake ƙirga kaya da su. Sai aka fara zuba su cikin ƙwallon laka, a rufe, a birgima hatimi a bayansa, yadda wanda aka aika da tumaki ba zai rage ko ɗaya a hanya ba. Don kada sai an fasa kafin a san adadi, sai aka riƙa danna alamar adadin a bayan ƙwallon. Da aka ga alamar waje ta wadatar, sai aka baje lakar ta zama allo. Daga baya aka ƙara zanen abin da ake ƙirgawa a gefen lamba, kan sa, ko zangarniya, ko tulu. Allunan farko, na wajen 3300 kafin Miladiyya, an sami kimanin 5,000 a Uruk, a unguwar gidan bautar Inanna, abar bautar garin, a cikin juji, an cike ramin gini da su bayan sun gama amfani. Kusan tara cikin goma lissafi ne na sha'ir, giya, tumaki, tufafi da ma'aikata. Sauran jerin kalmomi ne da ɗaliban magatakarda ke kwafa, cikinsu har da jerin muƙamai daga babba zuwa ƙarami. A kan wasu alluna akwai Kushim, suna ne ko muƙami na wani mai kula da sha'ir, kuma ɗaya daga cikinsu ya tattara lissafin wata 37. Waƙa da labari da addu'a ba su shiga allo ba sai wajen 2600 kafin Miladiyya. Ƙirgen sittin-sittin da magatakardan nan suka yi aiki da shi ne ya bar mana minti 60 a cikin sa'a.

Akwai ɓangaren da ba na son a ɓoye. A cikin waɗannan alluna akwai na mutanen da aka kama, an jera su maza da mata, manya da yara, daidai da tsarin da ake jera garken shanu. A jikin hatimai akwai hoton wani mai gemu da mashi a hannu, a gabansa mutane tsirara an ɗaure musu hannu ta baya. A maƙabartar sarakunan birnin Ur, ta wajen 2500 kafin Miladiyya, mai tono Leonard Woolley ya tarar da rami ɗaya mai gawa 74, mata 68 da maza 6, cikin ado, an binne su don rakiyar wani babba. Biranen Lagash da Umma sun shafe zuriya bayan zuriya suna yaƙi a kan wani fili mai ban-ruwa da ke tsakaninsu. Bashi kuma ya yi wa talaka katutu har yana jinginar da 'ya'yansa, shi ya sa Enmetena sarkin Lagash, wajen 2400 kafin Miladiyya, ya sa aka rubuta cewa ya yafe basussuka, ya mayar da ɗa ga uwarsa, uwa ga ɗanta. Birnin da ya ba mu rubutu da doka shi ne ya ba mu waɗannan, a lokaci guda kuma daga tushe guda.

Ka lura kusan duk inda hukuma ta fara kafuwa, hatsi ne a ƙarƙashinta: sha'ir da alkama a Iraki da Masar, gero da shinkafa a Sin, masara a Meziko. Hatsi yana nuna a lokaci ɗaya, a sarari inda mai karɓar haraji zai gani, yana aunuwa, yana rabuwa, yana shekara a ajiye. Doya da gwaza suna kwance a ƙasa sai ranar da mai su ya so, in an haƙe kuma ba sa jure ajiya kamar tsaba. Mutanen tsaunukan Niyu Gini sun yi noman gwaza da ayaba tun wajen shekara 7,000 baya, daga baya har da magudanan ruwa da suka haƙa a fadamar Kuk, amma irin wannan hukuma ba ta taso musu ba.

Masar ta bi wata hanya. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 baya Sahara kore ce, da tafkuna da makiyaya. Da ta fara bushewa, jama'a da shanunsu suka matsa inda ruwa yake, wasu suka sauka kwarin Nilu. Kogin yana ambaliya kowace shekara da ruwan daminar Habasha, ya bar sabuwar laka. Ruwansa yana gangarawa arewa, iska tana kaɗawa kudu, saboda haka jirgi yana zuwa yana dawowa ba wahala, kuma wanda ya riƙe kogin ya riƙe ƙasar. Shi ya sa maimakon birane masu gaba da juna, Masar ta haɗe a ƙarƙashin sarki ɗaya wajen 3100 kafin Miladiyya, zamanin Narmer. Rubutunta mafi daɗewa ma 'yan ƙananan alluna ne na ƙashi da hauren giwa, masu huji, da aka ɗaura wa kaya a wani kabarin sarki a Abidos. Tarihin sarakunan farko yana ambaton tsayin ambaliyar kowace shekara da ƙidayar shanu domin jangali. A 2013 aka gano takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta kowace rana yadda ayarinsa ke ɗauko farin dutse a jirgi daga Tura zuwa Giza domin dalar Fir'auna Khufu mai tsayin mita 146. Dala a ido dutse ce, amma abin da ya ɗaga ta shi ne iya ciyar da dubban ma'aikata a kan lokaci, shekara da shekaru.

Ba na so ka ɗauki Uruk da Masar a matsayin ma'aunin kowa. Mohenjo-daro da Harappa a kwarin Indus, Pakistan ta yau, daga 2600 zuwa 1900 kafin Miladiyya, suna da tituna miƙaƙƙu, rijiyoyi, magudanan ƙazanta a rufe, tubali mai awo ɗaya da duwatsun sikeli iri ɗaya a faɗin ƙasar, amma ba a sami fada bayyananniya ko kabarin sarki ba, kuma rubutunsu har yau ba a karanta shi ba. Tal Barak a arewacin Siriya ta zama birni tun wajen 3800 kafin Miladiyya da ruwan sama kawai, abin da ya raunana tsohuwar maganar cewa aikin ban-ruwa ne ya haifi sarauta. Karal a Peru ta gina manyan dandamali wajen 2600 kafin Miladiyya ba ta ko san tukunya ba, tana noma auduga ana saƙa taru, masunta suna biya da kifi. Sin da Meziko sun ƙirƙiro nasu rubutun ba tare da sun ji labarin Iraki ba. Wannan maimaituwa a nahiyoyin da ba su san juna ba ita ce babbar hujjata cewa basirar ɗaya ce a ko'ina, lokacin da hali ya samu ne ya bambanta.

Yanzu ga wajenmu. A yankinmu abubuwan sun zo a wani jeri daban. A Gabas ta Tsakiya hatsi ya riga tukunya, a nan tukunya ce ta riga: a Unjugu ta ƙasar Dogon a Mali an sami kasko mai shekara fiye da 11,000, yana cikin mafi daɗewa a duniya. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, mai shekara wajen 8,000, an fafe shi da kyau daga itace ɗaya, a zamanin da tafkin Cadi yake kamar teku. A Gobero cikin Tenere ta Nijar, inda yau rairayi ne zalla, akwai kaburbura kimanin 200 a bakin tsohon tafki, da masun kamun kifi na ƙashi da ƙasusuwan dorina da kada. Mutanen nan suna cikin wadata, ga kifi ga ciyawar daji mai ƙwaya, daga baya ga shanu. Dukiyarsu mai ƙafa ce, tana bin ruwa da ciyawa, kuma wanda aka matsa masa yana da inda zai kora garkensa. Manomin Nilu hamada ce hagu da damansa, ba shi da wannan mafita, wannan kuwa ya sauƙaƙa wa mai mulki aiki.

Hatsinmu kuma ba aro aka yi ba. Dawa an mayar da ita ta gida a gabashin Sudan wajen 3000 kafin Miladiyya, gero a kwarin Tilemsi na Mali wajen 2500 kafin Miladiyya, lokacin da bushewar Sahara ta tilasta. Ana gane haka daga sawun ƙaiƙayi da magina suka cuɗa da laka, ya ƙone ya bar hotonsa a jikin kasko. Tun da hatsin gida ya makara a nan da shekaru dubbai, manyan garuruwa ma sun zo daga baya, da tazara wadda ba ta kai ta Iraki ba. Karma a Sudan ta zama babban birnin daula tun wajen 2500 kafin Miladiyya. A Dar Tishit ta Muritaniya masu gero da shanu sun gina garuruwan dutse masu ɗaruruwan gidaje tun bayan 2000 kafin Miladiyya. Jenne-jeno a Mali, wadda aka kafa wajen 250 kafin Miladiyya, ta zama birni na unguwannin maƙera da masunta da manoma, kuma kamar Indus ba a sami fada a cikinta ba. A Borno kuwa, arewa da Maiduguri, akwai Zilum, garin mutanen al'adar Gajiganna na wajen 600 zuwa 400 kafin Miladiyya. Faɗinsa kimanin hekta 12, an kewaye shi da gwalalo, kuma na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ta nuna ɗaruruwan ramuka a cikinsa, da yawansu na ajiyar abinci ne, ban da manyan randunan da aka tono, a daidai zamanin da mutanen Nok ke gina mutum-mutumin yumɓu a tsakiyar Nijeriya.